Yadda ake tara irin zoborodo a gida, a adana shi, a yi musaya da shi

Duk lokacin da damina ta ƙarato, masu ɗan lambu a gida sukan dawo da tambaya ɗaya: an shuka gurguzun da aka saya a kasuwa, rabi bai fito ba, wanda ya fito kuma zobonsa ƙanana ne marasa kauri, me ya jawo? Wasu kuma sun ajiye nasu na bara a leda, da suka kwance sai gari da ƙwari. Matsalar ba a ranar shuka take farawa ba, tun kaka take farawa. Gurguzun kasuwa haɗin gonaki ne da yawa, an tara shi ne don daddawar batso da abincin dabbobi, babu wanda ya zaɓe shi don shuka. Mai son zobo mai kyau kowace shekara sai ya riƙe nasa irin, kuma ya san abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa idan ana musaya.

Kayan aiki

Kusan duka akwai su a gida: almakashi ko wuƙa mai kaifi, tsumma mai launi da za a yayyaga don yin alama, faifai ko tire, rariya, tsohon zane ko buhu mai tsabta, safar hannu, ƙananan kwalabe masu murfin da ke rufewa gam, ambulan na takarda, biro, da ɗan gishiri busasshe. Abin da za a iya kashe wa kuɗi ambulan ne da safar hannu, sai buhun PICS, wato buhun ajiya da ke hana iska shiga, ga wanda irinsa ya kai tiyoyi masu yawa.

1. A zaɓi uwar iri tun tana tsaye

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Mutane da yawa sukan cire zobo mai kyau su sha ko su sayar, abin da ya rage a ƙarshen kaka, ƙanana da na reshen ƙarshe, shi suke barin iri. Shekara uku a haka, zobon gidan ya lalace. Kyan ɗa ya gaji ubansa, saboda haka uban ake fara dubawa.

Yakuwa tana fara fure ne idan rana ta fara gajarta, a ƙasar Hausa wajen Satumba zuwa Oktoba. Da zarar zobon farko ya fara kumbura, a zaga lambun a duba kowane tushe. Abin da ake nema ya danganta da amfanin da ake so. Idan don sha ne, a nemi tushen da zobonsa ke da girma da kauri, ja mai duhu har ciki, mai rassa da yawa, kowane reshe a cike. A ɗan ciji ɗaya a ji tsaminsa, don tushe biyu na iya kama da juna a ido amma su bambanta a baki. Idan don miya ne, ganye ake dubawa: faɗinsa, laushinsa, da yadda tushen ke sake tofo bayan an tsinka. Farin zobo kuma a ware shi da nasa lissafin.

A ɗaura tsumma a tushe biyar zuwa goma da suka fi kyau. Kada a tsaya a kan tushe ɗaya komai kyansa, don idan yana da wani rauni a ɓoye duk shukar baɗi za ta gaje shi. A sanar da mutanen gida cewa mai tsumma ba a taɓa shi, ko ganye ko zobo.

Gargaɗi: tushen da ya taɓa yin yaushi alhali ƙasa na da danshi, ko wanda gindinsa ya yi baƙi, ko ganyensa ya cika da tabo, ba a ɗaukar iri daga gare shi ko da ya farfaɗo. Wasu cututtukan suna bin iri. Ramukan nan ƙanana da ƙwaro ke hudawa a ganye ba su hana ɗaukar iri.

2. A hana garwaya

Furen yakuwa yakan buɗe da safe ya yanƙwane kafin yamma, kuma galibi shi ke yi wa kansa barbara. Shi ya sa irinta ke fitowa kamar uwarsa, ba kamar masara ba. Duk da haka zuma da sauran ƙwari sukan ɗauki garin fure daga wannan tushe zuwa wancan jefi-jefi. Idan a lambu ɗaya akwai ja da fari, ko mai duhu da mai haske, a raba su, wannan a ƙarshen nan wancan a ƙarshen can, a sa wata shuka mai tsayi a tsakani. Wanda wurinsa ya yi ƙanƙanta sai ya yanki tsohon gidan sauro ya lulluɓe reshe ɗaya ko biyu kafin furen ya buɗe, ya ɗaure bakin. Idan furen ya faɗi zobo ya fara fitowa sai a cire, a bar alama a reshen.

Rama 'yar'uwar yakuwa ce amma ba sa barbarar juna a lambu. Inda suke haɗuwa wurin shanya ne da wurin ajiya. A gaskiya yawancin garwayar iri a hannu take faruwa, tire ɗaya da aka yi amfani da shi sau biyu ba a kakkaɓe ba.

3. Lokacin cira

Nan ne kuskure na biyu. Zobon sha yana kai wa cira kamar mako biyu zuwa uku bayan furen ya faɗi, lokacin yana da ruwa da ƙyalli. A wannan lokacin kwanson da ke cikinsa kore ne shar, 'ya'yan ciki fari-fari ne masu taushi. Idan aka shanya su za su yi duhu su yi kama da iri, amma a motse suke, kuma yawancinsu ba za su tsira ba. Gurguzun da ake tarawa a wurin ɓare zobo yakan ƙunshi irin waɗannan da yawa, shi ne dalilin da na kasuwa ke ba da kunya.

Na iri ana barinsa a jikin uwa wasu makonni bayan haka. Kada a bi kwanan wata, a bi alama. A buɗa leɓen zobon a leƙa kwanson: idan ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa, ya bushe, bakinsa ya fara tsagewa gida biyar, ya yi. Idan aka girgiza reshen za a ji 'ya'yan suna motsi a ciki. A yawancin wurare wannan yana faɗowa daga Nuwamba zuwa Disamba, daidai shigowar hunturu.

Kwansunan ba sa nuna tare, na ƙasa ke rigan na sama. A riƙa zagawa duk bayan kwana uku ko huɗu ana yanke waɗanda suka yi. A yanka da almakashi, kada a fizga, fizga tana yage reshe kuma tana zubar da iri. An fi so a yi da hantsi bayan raɓa ta bushe, tire a ƙarƙashin hannu. Na rassan ƙasa da na tsakiya sun fi cika da nauyi. Na can ƙoli da suka fito a ƙarshe a bar su.

Gargaɗi: idan aka yi jinkiri kwanson ya wage gaba ɗaya, iska da tsuntsaye za su kwashe rabi, jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ke bin auduga da kuɓewa ya tsotse sauran. Irin da ya tsotsa yakan zama fanko. Idan an gan shi ya taru a kan tushen iri, a kakkaɓe shi da sassafe cikin bokiti mai ruwan sabulu.

Game da yawa: kwanso ɗaya yakan ba da ƙwara 15 zuwa 30. Lambu mai rami 50, ƙwara huɗu a kowane rami, ƙwara 200 yake buƙata, wato kwanso goma sha biyar ma sun isa. Idan aka ɗauki kwanso goma daga kowane tushe cikin tushe goma, an sami na shuka, na maimaici idan shukar farko ta ƙone, da na rabawa mutane da dama.

4. Ɓarewa da shanya

A ɓare jan zobon daga kwanson a ranar da aka yanko. Idan aka tara su tare a buhu ko leda suka kwana, danshin zobon yana sa kwanson fumfuna. Ana iya tsaga zobon da wuƙa a zare kwanson, ko a tura shi ta gindi da ɗan bututun ƙarfe. Zobon da aka ɓare bai lalace ba, a shanya shi daban a sha.

Jikin kwanson yana da gashi ƙanana masu ƙaiƙayi da ke shiga fata. A sa safar hannu, kada a sosa ido, kuma kada a bar yara su yi wasa a wurin.

A baza kwansunan a kan zane ko faifai, kada su hau kan juna, a wuri mai inuwa da iska kamar rumfa ko zaure. Ranar safe ba ta da laifi, amma kada a shanya a kan kwanon rufi ko siminti da tsakar rana. Zafin yana kashe ƙwayar da ke ciki ba tare da an ga alama a waje ba. A hunturu kwana biyar zuwa bakwai sun isa. A juya su kullum, a shigar da su da dare saboda raɓa, ɓeraye da awaki. Kowane nau'i da nasa faifan, da takardar suna a kai tun daga ranar farko, don da zarar an cire zobon babu mai iya gane ja da fari ta kallon iri.

5. Murza, bakace, tsinta

Idan sun bushe, a zuba su a buhu a murza da hannu ko a tattaka a hankali. Ba a saka su a turmi, taɓarya tana fasa iri. A tace da rariya, a bakace a faifai ƙaiƙayin ya fita, mutum ya juya wa iska baya.

Sai tsinta, a wuri mai haske. Gurguzu mai kyau ruwan ƙasa ne mai duhu, a cike, da siffar ƙoda, ya ɗan fi ƙwayar dawa faɗi. A fitar da masu haske, motsattsu, fasassu, da duk mai ɗan rami a jiki, don mai rami akwai ƙwaro a ciki ko ya riga ya fita. Idan an ga wata ƙwaya mai kusurwa-kusurwa, launin toka zuwa baƙi, ta rama ce. Mai zagaye sumul kuma ta kuɓewa ce.

Wasu suna zuba iri a ruwa su zubar da wanda ya taso. Wannan a bar shi sai ranar shuka. Irin da za a ajiye ba ya son ruwa ko kaɗan.

6. A tabbatar ya bushe

Bayan tsinta a ƙara baza shi kwana biyu ko uku. A ɗora ƙwara ɗaya a kan dutse a buga. Idan ta tarwatse ta bushe, idan ta lotse da saura. Akwai kuma gwajin gishiri: a zuba cokali ɗaya na busasshen gishiri da ɗan iri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari minti goma sha biyar, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, irin na da danshi, a mayar da shi shanya. Wanda aka yi gwajin da shi kada a mayar da shi cikin sauran.

7. Ajiya

Abokan gaba uku ne: danshi, zafi da ƙwaro. Gurguzu yana da mai a jikinsa, shi ya sa zafi ke saurin rage masa ƙarfi. Ƙwaronsa ɗan'uwan na wake ne, kuma tun daga lambu yake biyo shi, ƙwai na manne a jiki ko tsutsa na ciki. Saboda haka irin da ya shiga kwalba da kyan gani zai iya zama gari kafin bazara.

Maganinsa a hana shi iska. A zaɓi kwalba daidai yawan irin, a cika ta har wuya, a sa 'yar leda a baki sannan a murɗa murfin. Iri kaɗan a babbar jarka ba ya aiki, iskar da ta rage a ciki ta ishi ƙwaron ya rayu ya hayayyafa. Idan an rufe kada a riƙa buɗewa, aƙalla na wata biyu. Shi ya sa ya fi kyau a raba irin gida uku tun farko: na shuka, na ajiyar ko-ta-kwana, da na musaya. Mai yawan iri sai buhun PICS mai leda biyu da buhu a waje, wanda aka saba ajiye wake a ciki. An gwada shi da gurguzu a Nijar ya tsare shi daga wannan ƙwaron.

Tokar murhu da aka tankaɗe, awo ɗaya na toka da awo ɗaya na iri, tana taimakawa, haka ma busasshen ganyen darbejiya, amma ba su kai rufewa gam ba. Wanda ke da firiza mai tsayayyar wuta zai iya sa rufaffiyar kwalbar kwana huɗu zuwa bakwai sanyi ya kashe ƙwarin, muddin irin ya bushe sosai. Idan an fito da ita kada a buɗe sai ta huce gaba ɗaya, in ba haka ba gumi zai kwanta a kan irin.

A ajiye kwalbar a ɗaki mafi sanyi, a ƙasa-ƙasa, nesa da taga da madafa. Kusa da rufin kwano shi ne mafi munin wuri a watan Afrilu.

Gargaɗi: kada a sa ƙwayar fostoksin da 'yan kasuwa ke sa wa buhunan hatsi. Iskar da take fitarwa tana kisa a ɗakin da ake kwana, kuma ɗan irin gida bai kai a yi wannan kasadar ba. Irin da aka shafa wa garin maganin shuka kuwa ya haramta ga daddawa da dabbobi, a rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikinsa.

8. Gwajin tsiro

Kafin a ba kowa iri, a gwada. A ɗebi ƙwara 20 ba tare da zaɓe ba, a jera su a jiƙaƙƙen tsumma da aka matse, a naɗe, a sa a leda ba a ɗaure bakin ba, a ajiye a wuri mai ɗumi. A duba kullum, a yayyafa ruwa idan ya fara bushewa. Mai ƙarfi yakan fito da saiwa cikin kwana uku zuwa biyar. A rana ta goma a ƙirga. Idan 16 ko fiye sun tsira, iri ne na bayarwa. Daga 12 zuwa 15 a yi amfani da shi a gida, a ƙara yawan ƙwara a rami. Ƙasa da 12 a kai shi daddawa.

Wani lokaci sabon iri yakan yi nawa saboda taurin ɓawo, haka kuma sanyin Janairu yana jinkirta tsiro. Gwajin da aka fi dogara da shi na Afrilu ko Mayu ne, gab da lokacin rabawa. Irin da ya shekara biyu a ɗaki dole a sake gwada shi, don ƙarfinsa yana raguwa kowace shekara.

9. Ƙulli da rubutu

Ƙwara 50 zuwa 100 sun ishi mai lambun gida. A sa a ambulan na takarda a naɗe bakin, sannan a sa ambulan ɗin a leda idan tafiya za a yi da shi. A jikin kowane ƙulli a rubuta launin zobon da girmansa, na sha ne ko na miya, garin da aka noma shi, watan da shekarar da aka cire, sakamakon gwajin tsiro kamar 17 cikin 20, da ko an sa masa magani.

Sunayen da ake kiran nau'o'in suna canzawa daga gari zuwa gari, don haka suna kaɗai bai isa ba. Hoton zobon a tafin hannu, wanda aka ɗauka lokacin yana jikin uwa, ya fi dogon bayani. Garin da aka noma shi ma ba ado ba ne. Irin da ya saba da doguwar damina ta kudancin Kaduna zai iya makara da fure a Maigatari ko Damagaram, ruwa ya ɗauke kafin zobonsa ya cika.

10. Musaya da sayarwa

Tsakanin maƙwabta da 'yan'uwa, awo da awo ake yi: cokalin ja da cokalin fari, ko da na rama, kuɓewa, alayyahu. Akwai kuma bashin iri, a karɓa da damina a mayar da ninki biyu da kaka. Wannan ya fi kyauta amfani, don yana sa nau'in ya zauna a gidaje da yawa, idan na wani ya lalace ya san inda zai samo. Watan Mayu ne lokacinsa, kafin ruwa ya zauna.

Idan sayarwa za a yi, a fara tambayar farashin tiyar gurguzu a kasuwar garin a wannan makon. Zaɓaɓɓen iri da aka gwada ya cancanci ya fi wannan tsada sosai, kuma a ƙulli ake sayar da shi ba a mudu ba. Abin da bai halatta ba shi ne a sayo na kasuwa a ƙulla a ce na gida ne, ko a haɗa tsoho da sabo a yi shiru. Wanda aka cuta ba zai gane ba sai a Oktoba, lokacin ya riga ya yi asarar damina guda. Wanda yake son ya mai da abin sana'a, da tambari da kwali a shago, ya nemi rajista da hukumar kula da iri ta Nijeriya, NASC.

A kula da masu tallan irin furen ado a intanet. Jan furen nan mai faɗi da ake dasawa a harabar gidaje ɗan dangin yakuwa ne, amma da wuya ya yi iri, idan ya yi ma 'ya'yan ba sa fitowa kamar uwar. Reshe ake yanka, mai tsawon kamar santimita 15 zuwa 20, a rage ganyen a dasa a yashi mai danshi a inuwa. Hotunan shuɗi shar ko mai launi bakwai da ake nunawa gyaran kwamfuta ne.

11. Aikawa

Idan ta tasha za a aika, a roƙi direba ya ajiye saƙon a cikin mota, ba a but ko kusa da inji ba, kuma mai karɓa ya je da wuri kada ya wuni a rana. Ƙulli ko biyu a ambulan mai kauri sun isa. Kada a haɗa da ƙasa ko saiwa, ta nan ake kai wa mutum cutar da ba ya da ita. Tsallaka iyakar ƙasa da iri yana buƙatar takardar lafiyar tsirrai, a Nijeriya hukumar NAQS ke bayarwa. Wanda aka aika Turai ko Amurka babu takardar, ana iya ƙwace shi a hanya.

12. Idan an karɓi iri daga wani

A zuba shi a farin faranti a duba rami, gari ko ƙwaro mai motsi kafin a kusantar da shi da na gida. A yi masa gwajin ƙwara goma. A shekarar farko a shuka shi a layinsa daban da alama, kada a ba shi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lambun.

A jiƙa shi ya kwana, a shuka da safe bayan ruwa ya zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli, ƙwara uku ko huɗu a rami mai zurfin gaɓar yatsa ɗaya, santimita 60 zuwa 75 tsakanin layi da layi, kamar 50 tsakanin rami da rami. Bayan mako biyu zuwa uku a rage a bar biyu masu ƙarfi. Wanda ya shuka a Nuwamba ko Disamba da ban-ruwa zai ga tushen ya yi fure tun bai kai gwiwa ba. Gajartar rana ce ta jawo, ba laifin wanda ya ba shi irin ba, saboda haka kada a yanke wa sabon nau'i hukunci sai an gan shi a damina. Idan a layin an ga tushe ɗaya ko biyu da suka saɓa wa bayanin da aka rubuta, a tumɓuke su kafin su yi fure, a kuma sanar da mai irin don ya duba nasa.